Rufewar manhaja ba ita ce lalacewar kwamfuta ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi gyara kan wata fahimta da ta yaɗu, har a wajen wasu masu gyaran kwamfuta: da zarar manhaja ta rufe kanta ba zato, sai a ce a goge komai a sake loda Windows. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a kwamfuta, ita ce ta kama manhajar tana shiga gonar da ba tata ba.

Furosesar Intel 8086 ta 1978 ba ta da wannan tsaro. Megabayit 1 kawai take iya kaiwa a ma'adanar da manhajoji ke aiki a ciki (RAM), kuma kowace manhaja na iya rubutu ko'ina, har a kan DOS, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a wancan lokacin. Yanayin kariya ya zo da 80286 a 1982, ya kankama a 80386 ta 1985.

Adireshin da manhaja ke gani ba shi ne ainihin wurin da ke cikin RAM ba. An yanka RAM shafi-shafi, kowanne kilobayit 4, kowace manhaja kuma tana da teburinta da ke nuna shafukan da aka ba ta. Wata 'yar ma'ajiya a cikin furosesa, rajistar CR3, ita ce ke riƙe da inda teburin yake, kuma duk lokacin da babbar manhaja (kamar Windows) za ta sauya daga wannan manhaja zuwa waccan, sai ta sauya CR3. Shi ya sa manhajoji biyu za su nemi adireshi iri ɗaya, kowacce ta faɗa wuri dabam. Kowane shafi yana da alamomi: yana nan ko ba ya nan, a karanta kawai ko a yi rubutu, na kowa ne ko na babbar manhaja.

Me zai hana manhaja ta sauya teburin da kanta? Matakan izini. Huɗu ne, 0 zuwa 3, amma Windows da Linux biyu kawai suke amfani da su: su a 0, sauran manhajoji a 3. Wadda ke mataki na 3 in ta taɓa CR3, furosesa za ta tsayar da ita da kuskure mai lamba 13. In shafin da aka hana ta ne ta nema, lamba 14 ce, adireshin kuma a ajiye shi a wata rajistar, CR2. Daga nan babbar manhaja ta duba: in shafin an kwashe shi ne zuwa faifai, ta dawo da shi, aiki ya ci gaba ba wanda ya sani. In kutse ne, ta rufe manhajar ita kaɗai. A Windows lambar wannan kuskuren 0xC0000005 ce.

Inda gizo ke saƙa shi ne direbobi, wato manhajojin da ke haɗa babbar manhaja da sassan kwamfuta, domin yawancinsu a mataki na 0 suke, ba mai tsawata musu. Ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa mai matsala ta manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike, wadda direbanta ke mataki na 0, ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. A ganinmu, duk manhajar sata da ta nemi girka direba, barinta ya fi.

Don haka mai gyara ya bambance kafin ya goge. Manhaja ɗaya ce ke rufewa? A sabunta ta ko a sake girka ta. Shuɗin allo ne mai nuna sunan fayil ɗaya da ya ƙare da .sys? A tashi kwamfutar a Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobi kaɗan kawai, a cire wannan direban. In kuwa manhajoji iri-iri ne ke faɗuwa, lambar kuskuren kuma tana sauyawa, a gwada RAM da manhajar gwaji ta MemTest86, a ciro ta a share bakinta, sannan a mayar ɗaya bayan ɗaya har a gano mai matsalar.

Naku,
Wasu malaman kimiyyar kwamfuta, Zariya