Gyalen Wuya Mai Zagaye: Ɗinkin Da Ya Kamata Mai Koyo Ya Fara Da Shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini saboda masu keken ɗinki a gida waɗanda suka fara da riga, rigar ta ƙi, suka lulluɓe keken suka tura shi lungu. Shawarata gare su ita ce su koma kan gyalen wuya mai zagaye, wanda bakinsa biyu suke haɗe kamar zobe, ana zura kai a naɗa shi sau biyu. Ba hannu, ba zif, ba maɓalli. Layin ɗinki biyu ne a keke sai ɗan ɗinkin hannu, amma a cikinsa mutum zai gamu da yawancin abubuwan da ke ɓata riga.

Tsawon ƙyallen ya kai inci 60 zuwa 70, faɗinsa inci 18 zuwa 20. Yadi mai miƙewa, irin wanda ake yin singileti da shi, yawanci faɗinsa inci 60 ne, don haka rabin yadi ya wadatar, faɗin ya zama tsawon gyalen. Yadin auduga marar miƙewa kuwa sau da yawa inci 45 yake zuwa, wannan ba zai zagaye wuya sau biyu ba sai an haɗa ƙyalle biyu. A guji yadi mai tauri, domin tsayawa yake yi a wuya kamar kwali. Kafin almakashi ya taɓa shi, a wanke, a shanya, a goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko, wanda ya yanka kafin ya wanke zai tarar da gyalensa ya gajarce.

A ninka ƙyallen biyu ta tsawonsa, fuskar yadin tana ciki, a kafa fil kowane inci 4. A ɗinka dogon gefen, ana barin rabin inci daga baki. Amma kada a ɗinke shi kaf: bayan kamar inci 5 daga farko, a tsaya, a tsallake inci 4, sannan a ci gaba. Ta wannan kafar za a juyo gyalen. A mayar da ɗinki baya sau biyu ko uku a bakinta ta kowane ɓangare, in ba haka ba za ta yage lokacin juyawa.

Nan ne akasari ake rikicewa. Abin da ke hannu yanzu doguwar jaka ce marar gindi, bayan yadi a waje. Kada a juya ta gaba ɗaya. A zura hannu ciki har ɗaya bakin, a kamo shi, a jawo shi ta ciki har ya zo daidai da bakin da ke kusa, sai a tsaya. Tsawon ya koma rabi, baki ɗaya yana cikin ɗaya, fuska tana kallon fuska. A daidaita ɗinki kan ɗinki, a kafa fil a nan tukuna, sannan a zagaye sauran. Wanda yake son gyalen ya zo da murɗa, ya juya bakin na ciki rabin zagaye kafin ya kafa fil. Ni dai ba na ba mai koyo wannan shawara a karon farko, don ba zai iya bambance murɗar da ya nufa da wadda ta faru bisa kuskure ba. A ɗinka bakin a zagaye, a jawo komai ta kafar nan, a lanƙwasa gefenta ciki, a rufe da allurar hannu, ana ɗaukar ɗan kaɗan daga wannan gefe, ɗan kaɗan daga wancan, a ja zaren ya ɓuya.

Sai abin da ke sa mutane zargin keke alhali ba shi da laifi. Idan yadin mai miƙewa ne aka yi masa miƙaƙƙen ɗinki, ranar da aka ja gyalen ta kai za a ji zaren yana tsinkewa ɗas, ɗas, saboda yadin ya miƙe, zaren bai miƙe ba. Maganinsa siririn zigizag, faɗi kamar milimita 1, tsawo 2.5. Idan keken yana tsallake ɗinki, a duba allura. Irin wannan yadi yana son allura mai dunƙulallen baki, lamba 75/11 ko 80/12, wadda take ratsawa tsakanin zaren saƙar, mai tsini kuwa yanke shi take yi, ta bar ƙananan huji. Idan ɗinkin ya fito yana lanƙwashe-lanƙwashe, mai ɗinkin ne yake jan ƙyallen. A riƙe shi sako-sako, haƙoran keke su ja da kansu. Gefen da ke naɗewa bayan yanka, ɗan sitaci da guga suna kwantar da shi. Yadi shara-shara mai santsi kuma, a sa masa siririyar takarda a ƙasa, a ɗinka tare da allura lamba 70/10, a yage takardar daga baya.

Edita, a kuma ja kunnen iyaye: tunda wannan gyale ba shi da bakin da zai warware, kada a ɗinka wa ƙananan yara, kuma mai aiki kusa da inji mai juyawa ya cire shi kafin ya fara.

Wassalam,
Wata mai koyar da ɗinki