Godiya ga Maɗaba'ar da Ta Buga Tarihin Mamarmu

Zuwa ga Alhaji mai maɗaba'a a Sabon Layi, Gombe, da dukan yaran shagonsa.

Alhaji, barka da aiki. Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto maka wannan wasiƙa a fili a madadin 'ya'ya da jikokin marigayiya Mama, domin godiyar da muka yi maka a bakin shago ba ta kai ba. A lokacin hankalinmu ba ya jikinmu. Yanzu da aka tashi daga zaman makoki, baƙi suka koma garuruwansu, yabon gwani ya zama dole.

A wurinmu Kirista, ɗan littafin nan da ake rabawa a majami'a ranar jana'iza ba ƙaramin abu ba ne. A ciki ake samun tsarin sujada da waƙoƙin da za a rera, da tarihin mamaci, da saƙonnin ta'aziyya, da hotuna. In an kwashe rumfuna da kujeru, shi ne ke saura a gidajen mutane. Mu kuwa abin da muka kawo maka leda ce cike da tarkace: takardun da kowa ya rubuta da hannunsa, saƙonnin WhatsApp daga ƙanena da ke Legas, katin baftismarta, da wani tsohon hoto baƙi da fari wanda gara ta ci gefensa.

Ba ka fara da maganar kuɗi ba. Ka yi mana ta'aziyya, ka sa aka kawo mana kujeru da ruwa, sannan ka ce mu ba ka labarinta tukuna. Wannan ya shiga raina ƙwarai, don kai Musulmi ne, ba ka taɓa ganinta ba, amma ka zauna kana saurare, masu jiran katin biki na tsaye.

Mama ta haura shekara tamanin. An haife ta a wani ƙauye kusa da Kaltungo, inda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a 1917, kuma iyayenta na cikin waɗanda suka karɓi bishara a ƙasar Tangale. Tana yarinya aka kafa ikkilisiyar ECWA a 1954, a cikinta ta girma, a cikinta ta ƙare. Ba a sa ta makarantar boko ba. Sai bayan ta yi aure ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ba don komai ba sai don ta karanta Littafi Mai Tsarki da idonta, kada kullum ta jira wani ya karanta mata. Ita da Baba sun dawo Gombe tun garin yana ƙarƙashin Jihar Bauchi, da daɗewa kafin a ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996. Da kaskon ƙosai da buhun hatsi ta taya Baba biyan kuɗin makarantarmu, har da na 'ya'yan dangi da ta riƙe, waɗanda mutanen unguwa da yawa ba su san ba ita ta haife su ba sai ranar biso.

A Zumuntar Mata kuwa, ba ta taɓa neman shugabanci ba. Ita ce mai buga tulu in ana waƙa, ita ce mai zuwa da tsintsiya ranar Asabar, ita ce kuma mai ɗaukar kwanon kunu zuwa asibiti in an kwantar da wani, ɗan ikkilisiya ne ko maƙwabci. In Kirsimeti ta zo, jikoki sukan gaji da kai shinkafa gida-gida, da Sallah kuma gidanmu ya cika da nama. Jikokin nan har yau ba su daina leƙa ɗakinta da safe ba.

Duk wannan ka ji, kuma ya fito a aikin. Yaronka mai kwamfuta ya kira ni a waya ya karanta mini sunayen 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne ɗaya bayan ɗaya, don kada a tsallake kowa. Wanda ya san danginmu ya san irin ɓacin ran da sunan mutum ɗaya da ya ɓace zai jawo. Hoton da gara ta ci kuwa, shi ya fi ba mu mamaki. Yaron ya cike gefen da ya lalace, ya share tabon ruwa, amma bai taɓa fuskarta ba. Masu gyaran hoto da yawa yanzu sukan goge fuskar tsohuwa su haska ta har 'ya'yanta su kasa gane ta. Shi ya bar mata tsagarta ta gado da wushiryarta. Ƙanwarta da ke Billiri, wadda idonta ya yi rauni, ta matso da bangon littafin kusa da fuskarta, ta kira sunan da suke kiranta da shi tun suna yara.

Daga baya ne maƙwabcin shagonka ya gaya mana an ɗauke wuta a daren, kun tayar da janareto kuka kwana kuna bugu da ɗinki. Kowa ya san tsadar mai a yanzu, amma ko kwabo ba ka ƙara a kan abin da muka yi ciniki ba. Kafin motar gawa ta kama hanyar Kaltungo, kwalaye sun iso gida, har da ƙarin kwafi da ka ce kyauta ce ga matan zumunta.

Fastonmu da dattawan ikkilisiya sun tambayi inda aka yi aikin, mun kuma kwatanta musu shagon. Ni ma duk wanda ya neme ni a kan irin wannan hidima, wurinka zan turo shi. In Allah ya kai mu cikar shekara, za mu dawo a buga mana kalandar tunawa da ita.

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri, ya buɗa kasuwa, ya jiƙan naka iyayen. Yaran shago kuma, Allah ya ba kowannensu nasa injin.

Taka cikin girmamawa,
'Yar farin marigayiya, a madadin iyali,
Gombe.