Amsa ga wanda ya tambaye ni la'adata: ban hana sayen baka na hannu ba

Assalamu alaikum Malam,

A zaman 'yan'uwa da aka yi a Jidda ka miƙe a gaban jama'a ka ce in faɗi nawa masu shagon sababbin kaya ke ba ni, tunda na hana samari sayen baka na hannu a haraj, wato kasuwar tsofaffin kaya. Ka ƙara da cewa kakanninmu sun yi farauta ba tef ɗin awo ba sikeli. Maganar la'ada ta yi mini ciwo, domin a gaban iyayen yaran da ke jin shawarata ka yi ta. Ba mai ba ni ko riyal ɗaya. Shagunan ba ɓoyayyu ba ne, ka je ka tambaya. Abin da na ce, kuma ina nan a kansa, shi ne kada a yi cinikin biri a sama: bakan da mai shi ya ƙi a ɗaura wa tsarkiya a ja a gabansa, a bar masa abinsa.

Batun kakanni ba ya buƙatar dogon zance. Nasu sanda ɗaya ce. Wannan mai kwancewa gida uku ne, mariƙi da reshe biyu, kuma kowane reshe siraran katako ne da faiba da aka manne da gam. Gam ɗin nan shi ne ran bakan, zafi kuma shi ne ajalinsa. Motar da aka rufe a ranar Makka ko Jidda da bazara tana iya sassauta shi a wuni guda, musamman idan an bar tsarkiya a ɗaure. Daga waje bakan yana sheƙi, ranar da yaro ya ja shi har kunne sai reshe ya tsage kusa da idonsa.

Shi ya sa dubawa ke farawa tun kafin a haɗa shi. A ɗauki reshe a fita da shi haske, a bi gefensa inda faiba ta haɗu da katako. In farce ya shiga tsakani, ko aka ga fari-fari kamar gajimare a ƙarƙashin faibar, gam ya saki, ciniki ya mutu. A shafa auduga daga gindi zuwa baki, duk inda ta maƙale akwai tsaga. Siririn layin da ya bi tsawon reshe sau da yawa a fenti ya tsaya. Wanda ya gitta a faɗi kuwa, babu gyara. Sai a duba rubutun ƙarfi a kan rassan biyu, ya zama iri ɗaya, don akwai masu haɗa na sama da na ƙasa daga bakuna daban. A ɗaure notin da ke haɗa reshe da mariƙi da alanki. In yana juyawa ba ya kamawa, ko ƙarfen da aka dasa a cikin katakon mariƙi yana motsi, reshe zai riƙa rawa a mazauninsa.

Tsarkiya da igiyar ɗaurawa ake sa ta. Masu tokare baka da ƙafa su lanƙwasa shi su ne ke murɗe rassa. Bayan an ɗaura, a jingina bakan a kan kujera, a tsaya daga baya a kalla: dole tsarkiya ta raba kowane reshe biyu daidai. A ja rabi, a mayar a hankali. In ba ta koma cikin kwarminta na bakin reshe ba, ya murɗe, kuma wata rana za ta zame gaba ɗaya. Kada a taɓa sakinta babu kibiya, ko da gwaji ne.

Tef da ka raina aiki biyu yake yi. Daga wuyan mariƙi zuwa tsarkiya, baka mai tsawon inci 62 yana son wajen inci 7 da rabi zuwa 8 da kwata. In tazarar ta gaza haka, za a ji ƙara, tsarkiya ta riƙa dukan hannu. Wannan ba aibi ba ne, 'yar murɗa tsarkiyar ke gyara shi. Na biyu, a auna daga gindin kowane reshe zuwa tsarkiya. Na sama ya kan fi na ƙasa da kamar kwatar inci ko ƙasa da haka. In tazarar ta yi yawa, reshe ɗaya ya gaji. Tsohuwar tsarkiya dalili ne na neman ragi kawai, amma in bakin reshe ba shi da ƙarin ƙarfafawa, tsarkiyar zaren Dacron za a saya masa, domin ta zaren Fast Flight ba ta miƙewa, tana iya yanke bakin.

Sikeli kuwa, ƙarfin jan baka ake aunawa da shi, kuma na auna jakar tafiya ma ya isa. Ƙarfin da aka rubuta a jiki a jan inci 28 ake nufi, kowane inci da ya ƙaru yana ƙara nauyin kimanin fam 2. Mai koyo fam 20 zuwa 30 ya ishe shi. Nan ne babban takaicina yake, Malam. Ana sayar wa ɗan shekara goma sha biyar baka mai fam 50, ana zuga shi wai shi ne na maza. Kafaɗa ta yi ciwo, hannu ya koyi rawa, a jefa bakan bayan mota, bayan wata biyu ya dawo haraj ya jira wani yaron. Harbi sunna ne da muke son 'ya'yanmu su riƙe, ana kore su daga gare shi saboda ribar rana ɗaya.

Jama'a sun san kai ma kana da bakuna na hannu da kake neman kai da su, kuma ba ka faɗi haka ba lokacin da ka yi tambayarka. Ka kawo su fili ranar Juma'a bayan la'asar. Zan zo da tef da sikeli da auduga, a duba su ɗaya bayan ɗaya a gaban mutanen da ka yi maganar a gabansu. Wanda ya fita lafiya, ni da bakina zan ce a saya.

Wassalam.