Madarar kwakwa ta taimaki gidana, amma da cokali nake auna ta

Assalamu alaikum Edita,

Ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana mata, musamman masu girki a gidan da akwai mai ciwon sukari. Shekara uku ke nan da aka gano ciwon a jikin maigidana, kuma tun daga ranar tukunyarmu ta canja. Likita ya ce a rage tuwo da shinkafa da burodi da dankali. Ka duba nauyin wannan magana ga mutumin da ya tashi a Jos, inda dankalin Bokkos da Mangu ke cika kasuwa. Har accar da mutanenmu suka ɗauka abincin masu sukari ce, ita ma sitaci ce, sai an auna.

Ganye bai taɓa yi mana wuya ba. Duk wanda ya shiga kasuwar Farin Gada da sassafe ya san Allah ya yi wa Filato arziki: kabeji, koren wake, latas, alayyahu, yalo, tattasai. Abin da ya gagare ni shi ne ƙoshi. In na dafa masa kabeji da kifi bayan magariba, kafin ƙarfe goma yana neman burodi. Ƙanwata da ke aure a Legas, kusa da Badagry inda kwakwa take kamar ƙasa, ita ce ta ce in riƙa zuba madarar kwakwa mai kauri a miyar ganyen. Da farko ban yarda ba, don mu a nan kwakwa ta kwakumeti ce da ta haɗawa da dabino da aya.

Ga yadda nake yi. Ina zaɓar ƙosasshiyar kwakwa mai nauyi, wadda in an girgiza ake jin ruwa a ciki. In fasa, in ɓamɓare naman, in gurza ko in niƙa a blanda da ruwan ɗumi kaɗan, wajen rabin kofi ga kwakwa ɗaya. Sai in matse a ƙyalle mai tsabta in ajiye a firji. Mai kaurin zai taso sama ya daskare, ruwan ya koma ƙasa. Wannan na saman shi nake kwashewa. Man kwakwa yana fara daskarewa in zafi ya yi ƙasa da digiri 24, shi ya sa a hunturun Jos, Disamba da Janairu, ko ba wuta takan taso da kanta cikin 'yan sa'o'i. Amma ba ta da haƙuri: kwana biyu zuwa uku a firji, bayan haka ta yi tsami. Dusar kwakwar kuma ba na zubarwa, ina shanyawa in haɗa da ƙwai in soya masa da safe a madadin burodi.

Cokali biyu a miyar alayyahu da busasshen kifi, ana gab da saukewa, wuta ƙasa-ƙasa don kada ta tsinke. Ranar da na fara, maigida ya kwana bai nemi komai ba. Dalilin a fili yake: a giram 100 na madarar mai kauri, kitse ya kai wajen giram 35, sitaci da sukari ba su wuce giram 7 ba. Dafaffiyar shinkafa mai nauyin haka tana da wajen giram 28. Mai yana daɗewa a ciki, kuma ba ya harba sukarin jini sama yadda tuwo ke yi.

To amma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Da na ga ta karɓe shi, sai na saki hannu: a miya, a shayi, a farfesu. Bayan wata shida aka auna jininsa, sukari ya yi kyau, amma kolestarol mai toshe jijiya ya hau. Likita ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa mafi yawan man kwakwa, sama da kashi 80 cikin 100, irin kitsen nan ne mai daskarewa, har ya fi man shanu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan kitse ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato wajen giram 22 ga babban mutum. Cokali biyar manya na madarar sun cinye wannan kason gaba ɗaya. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ma ta yi gargaɗi a kan man kwakwa a 2017 saboda wannan dalili. Mai ciwon sukari kuwa dama zuciyarsa abar lura ce. Yanzu cokali biyu ne, sau uku a mako, sauran ranaku man gyaɗa.

Abu biyu ke ƙona mini rai. Na farko, gwangwanin kanti. Akwai wanda madara ce zalla, akwai wanda aka cika da sukari don haɗa lemo da kayan zaƙi, sunayensu kuma kusan ɗaya. Na taɓa sayo na biyun a wani kanti, Allah ya sa 'yata ta karanta bayan gwangwanin kafin in zuba. In kin ga sukari a jerin kayan haɗin, ki mayar.

Na biyu ya fi tsanani. Ana yawo da saƙonni a WhatsApp cewa kwakwa tana warkar da sukari, a bar magani. Wallahi ba haka ba ne. Tsarin cin mai da rage sitaci sosai, wanda ake kira keto, likitocin Amurka ne suka fito da shi a 1921 don masu farfaɗiya, kuma a ƙarƙashin kulawar likita ake yi musu shi. Ko rage tuwo kawai yana da haɗari ga mai shan ƙwayar da ke sauke sukari ko mai allurar insulin. Mun gani da idonmu. Wata asuba maigida ya tashi yana zufa, jiki na rawa, harshe ya yi nauyi, saboda mun rage abinci maganin kuma yana nan yadda yake. Ruwan sukari na ba shi ya dawo hayyacinsa, washegari likita ta rage masa maganin.

Roƙona gare ka Edita, ku gayyato masanin abinci ya rubuta mana da Hausa yawan sitacin da ke cikin malmalar tuwon masara, da kwanon gwate, da masa uku, da dunƙulen fura. Mu da ke tsaye a madafa kullum, da ludayi da cokali muke awo.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Unguwar Rogo, Jos.