A buɗe wa ƙananan ma'aikatan jami'a aji a cikin lokacin aiki

Edita, assalamu alaikum. Ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu ja hankalin shugabannin jami'o'i kan masu shara, masu gadi, masu girki da masu ban ruwan furanni. Kullum suna cikin gidan ilimi, amma da yawansu ba sa iya karanta takardar albashinsu, balle rubutun Turancin da ke jikin jarkar sinadarin wanke bayi.

Abin ya wuce maganar kunya, maganar rai ce. In aka haɗa bilic, wato ruwan nan mai faranta tufafi da kashe ƙwayoyin cuta, da maganin wanke masai mai asid, iskar kulorin ce ke tashi, ta ƙona maƙogwaro da huhu, musamman a bayin da ba taga. Sirkawar ma lissafi take so: bilic mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, awo 1 a awo 9 na ruwa don goge jini, awo 1 a awo 49 don tebur da mariƙin ƙofa. Wanda bai sani ba sai ya yi ta tuttulawa, a zatonsa yawa ne tsafta. Alamomin haɗari guda 9 na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake bugawa a jikin jarkokin sinadarai, masu jan layi a kewaye, su ya kamata su zama darasin farko.

Kafin a raba azuzuwa, a zauna da kowa shi kaɗai na minti 15 a ga inda ya tsaya. Mai karanta ajami ba jahili ba ne, kada a haɗa shi da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba. Aji kada ya wuce mutum 12, zama biyu a mako, awa ɗaya da rabi. A soma karatu da harshen da mutum yake magana da shi, Turanci ya biyo baya da kalmomin aikinsa. Mai gadi ya koyi rubuta lambar mota da lokaci a littafin ƙofa, ya gane cewa 14:30 biyu da rabi ce ta rana.

Inda shirin ke mutuwa sananne ne. Ana sa aji bayan tashi daga aiki, mutum ya gaji, ga iyali na jira. Ba a wata biyu sai kujeru. Dole awannin su shiga lokacin da ake biya. Ana kawo littafin 'yan firamare a miƙa wa dattijo mai jikoki, shi ke nan ya ɗauke ƙafa. Ana zaunar da shugaban aiki aji ɗaya da yaransa, kowa ya ja bakinsa. Ɗalibai 'yan sa kai suna da amfani, sai dai jarrabawa na ƙaratowa za a neme su a rasa, don haka a ɗauki ƙwararren malamin manya a riƙa biyansa.

Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah na 'yan kwangila ne, sunansu ba ya cikin rajistar jami'a. A rubuta sakin su zuwa aji a cikin yarjejeniyar kwangila, ba tare da an yanke musu albashi ba.

Daga wasu malaman ilimin manya.