Na janye ƙara don darajar mahaifiyata, yanzu ni ake bi kuɗi

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ina rubuto maka daga Zinder, unguwar Birni, wallahi tun shekaran jiya ban runtsa ba. Ina zaune a rumfata a kasuwar Dole gaban abokan sana'a wani ya miƙo min takarda, wai mijin ƙanwata na neman in biya shi jaka 350 na abin da ya kashe a shari'a. Ni da ya ci wa kuɗi!

Bari in koma baya. Buhunan wake na ba shi ya kai Kano ya sayar, na miliyan ɗaya da jaka 200, ba mu rubuta komai ba don ai ɗan gida ne, ni na tsaya a ɗaurin aurensa, har gadon ɗakin amarya ni na saya. Ya dawo ya ce naira ta faɗi, wai a canji aka yi asara, amma bayan wata biyu ga shi da sabon babur yana wucewa ta ƙofar gidana ko sallama babu. Na kai wurin mai unguwa sau 3 bai zo ba, shi ya sa na shigar da ƙara jastis, ba don son tonon asiri ba, Allah shi ne shaida. Na biya kuɗin buɗe dosiye, na biya uwisiye, wato mai kai takardun kotu, ya kai masa sammaci, shi kuma ya ɗauki aboka, wato lauya, shi da ke cewa ba shi da ko dala.

An zauna sau biyu sai Hajiya ta kira ni ɗakinta, tana riƙe da carbi hannunta na rawa, ta ce in dai ita ta haife ni kar in kashe wa ƙanwata aure da yara 4. Wa zai ƙi? Washegari na je na sa hannu na janye. Manya sun ce kowa ya haƙura, amma da baki ne kawai.

Yanzu wani da ya san aikin kotu ya ce min a doka wanda ya janye ƙara shi ke ɗaukar kuɗin shari'a sai in an yi yarjejeniya daban, amma kuɗin aboka lissafinsa daban ne, sai alƙali ya yanke. To a jaka 350 ɗin nan 300 duk kuɗin aboka ne. Ya kuma tambaye ni ko zaman kawai na janye ko haƙƙina gaba ɗaya na yafe, don in na farko ne zan iya sake shigarwa. Malam takardar da Faransanci take, ni makarantar allo na yi, inda aka nuna min na sa hannu.

Shin dole in biya? Maganar manya ta baki za ta tsaya min shaida? Abin da ya fi ci min rai ma Hajiya ba ta san da takardar nan ba, ga hawan jini, ƙanwata kuma ta daina ɗaga wayata. In na koma kotu na saɓa wa uwa kenan? Don Allah a sakaya sunana.