Sanarwa kan kare zanenmu na 3D daga ɓarayi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda satar fayiloli ta yi yawa, ga abin da za ku kiyaye.

Fayil ɗin STL, wato irin fayil ɗin da ake rabawa don buga zane a na'urar buga 3D, ba shi da makulli. Duk wanda ya sauke shi zai iya kwafarsa. Don haka kada ku saki asalin fayil ɗin aiki, na Blender (manhajar zanen 3D) ko STEP (fayil mai sauƙin gyarawa a manhajar zane). Ku ajiye shi tare da tsofaffin kwafi masu kwanan wata, domin su ne hujjarku idan rigima ta tashi.

Ku sa alama a jikin zanen kansa. Suna a ƙasan abin, zurfin milimita 0.4 zuwa 0.6, yana fitowa sarai idan kaurin kowane layi da na'urar ke bugawa milimita 0.2 ne. Sai dai ɓarawo na iya goge wannan cikin minti kaɗan, saboda haka ku ɓoye wata alamar a cikin cikinsa, inda ba a ganinta sai an yanka zanen a manhaja. Rubuta suna a farkon fayil ɗin STL kuwa ɓata lokaci ne, da zarar an sake adana shi ya ɓace.

Ku bayyana lasisi ƙarara. Misali, CC BY-NC-ND, ɗaya daga cikin lasisin Creative Commons na raba ayyuka, ya hana sayar da zanen, ya hana yaɗa wanda aka sauya, amma bai hana sake wallafa shi kyauta ba muddin an ambaci sunanku. Mutane da yawa ba su lura da wannan.

Ku riƙa neman hotunan zanenku ta Google Lens, manhajar bincike da hoto. Idan kun ci karo da sata, ku ɗauki hoton shafin tukuna, sannan ku shigar da ƙorafin DMCA, dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1998, ta fom ɗin dandalin da aka sa zanen.